Tattakin da Baba Ya Kira a Anka

Baba maƙeri ne, haka ubansa, haka kakansa. Da ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum ya watse, yana cikin na ƙarshen da suka yarda suka fito. Sai da maigidana, wanda ke jan motar haya tsakanin Anka da Gummi, ya yi ta zarya yana ba shi baki, sannan ya haƙura ya biyo shi. Ya iso mana Anka da 'yar jakar tufafi da rediyo, ya baro maƙera da zugazugi a can. Inna ta riga ta rasu a lokacin. Na gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure. Da safe in zan tafi firamaren da nake koyarwa nakan bar shi a ƙofar gida bisa tabarma, in na dawo in tarar da shi a nan, inuwa kawai ya bi ya matsa.

Akwai tabon bulala a bayansa, kuma tun muna yara mun san labarin tabon, don ba ya gajiya da ba da shi. Ya ce yana saurayi aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba, amma masu karɓar haraji ba su ɗauke ba. Manomi a bi shi haraji, makiyayi a bi shi jangali, wanda ya kasa a shanya shi a rana. Sai wani tela da ya taɓa zama birni, ya ga yadda talakawa ke haɗa kai a can, ya riƙa bin ƙauyuka da rugage yana cewa a taru a tafi ƙofar hukuma a zauna, ba zagi ba duka. Sharaɗinsa ɗaya, kada kowa ya riƙe sanda ko wuƙa. Baba ya ce abin da ya fi ba shi mamaki a duniya shi ne ganin Fulani suna jingine sandunansu a gindin wata tsamiya suna wucewa hannu sake. Suka tafi, suka zauna. Aka zane su, aka ɗaure su bibbiyu. Wanda aka haɗa shi da shi a igiya ɗaya wani siririn Bafulatani ne sa'arsa. A ƙarshe dai aka ɗage harajin wannan shekarar.

Wannan Bafulatanin shi ne muka tashi muna kira Baffa. Maƙeri da Bafulatani dama abokan wasa ne, su kuwa sun kai abin ƙarshe. Baffa ya ce da Baba baƙin bawa mai cin wuta, Baba ya ce da shi mai bin wutsiyar saniya. In an yi girbi shanunsa a gonarmu suke zama su bar mana taki. Matarsa ke kawo wa Inna nono da man shanu ta koma da gero. Baba yakan ƙara da cewa ba da jimawa ba bayan tafiyar tasu ya ji a rediyon wani mai shago cewa baƙaƙen fata a Amurka ma suna irin wannan fitowar, ana sakar musu karnuka ba sa ramawa. Ya ce ranar ya san ashe ba su kaɗai ne mahaukata ba.

Yayana shi ya gaji maƙerar. Ya riga Baba zuwa Anka, ya kafa rumfa a bayan kasuwa. Amma ya daina ƙera garma da lauje, don ba mai saye. Wa ke zuwa gona? Bindiga yake ƙerawa. 'Yan bindiga sun kashe masa babban ɗansa a gona yana huɗa, daga nan ya shiga 'yan sa-kai, ya zama ba ya dariya, ba ya kuma dogon zama a wuri ɗaya. Baba bai taɓa taka rumfar ba.

Abin ya taso ne a wata damina. Aka tare hanya aka kwashe mutane cike da mota, mata da yara a ciki. Kashegari wasu Fulani suka shigo wata kasuwa kusa da mu sayar da awaki, aka tare su, ba wanda ya koma gida. Har da wata mai tallan nono. Na dawo daga makaranta na tarar Baba ya kashe rediyo yana zaune. Na gaishe shi, bai amsa yadda ya saba ba, sai ya ce in zauna.

"Ɗiyata, abin da munka yi da, shi za mu sake," ya ce. "Yunwa ta ishe mu, kashe mutum don fuskarsa ya ishe mu, yaƙin ga ya ishe mu. A fito a faɗa, manomi da makiyayi, hannu sake."

Na ce masa zamanin ya canza. A da wanda ke cutar da su yana da ƙofa, ana zuwa a zauna a gabanta. Yanzu na daji ba shi da ƙofa, na gari kuma in ka je ƙofarsa sai a ce yana Gusau ko Abuja. Ya ce to a zauna a ƙofar har a kira shi. Ya ce ya ji a rediyo jikokin waɗancan na Amurka ma sun fara maganar sake fitowa don talauci da yaƙi, su da ke da wuta da ruwan famfo, balle mu. Abin da ke ransa babba ne. Yana son mutanen Gummi su taso, na Bukkuyum su taso, a haɗu a Anka a yi tattaki zuwa ofishin hukuma.

Ban yarda abin zai yiwu ba, amma na ga rabon da idonsa ya yi haske haka tun yana ƙauye. Sai na zama mai rakiya. In na taso daga aiki mu fita, yana dogara sanda, ina riƙe da waya.

Limamin unguwarmu ya saurare shi da girmamawa, ya ce niyya ce mai kyau, amma shi dai zai tsaya ga alƙunutu. 'Yan kasuwa suka ce suna tare da shi da zuciya, sai dai in an rufe shago a fita, wa zai tsare kaya. Wani ɗan siyasa ya aiko a ce zai ba da riguna da ruwan leda in za a sa hotonsa a gaba. Baba ya ce a gode masa. Samari masu jiran motar zuwa ramukan zinari suka yi ta ɗaukarsa a waya yana magana, suna cewa tsoho ya burge su, da motar ta zo suka haye suka tafi.

Inda muka sami kunne shi ne wajen mata 'yan gudun hijira da ke zaune a wani kangon gini a bakin gari. Mun tarar suna dafa tafasa ba ƙuli ba mai. Suka shimfiɗa wa Baba buhu. Akwai wata daga Dareta, doguwa, ba ta fi sa'ata ba amma ta tsufa. 'Ya'yanta sun mutu a shekarar gubar dalma, mijin kuma 'yan bindiga suka kashe. Da Baba ya gama, ta ce, "Mun binne na dalma, mun binne na bindiga. Mi ya rage? Mu tai." Baba bai ɓoye musu komai ba. Ya ce zai zo da abokinsa Bafulatani, tare za su shige gaba. Can matar Daretan ta ce in tsoho ne a kawo shi. Sauran ba su ce i ba, ba su ce a'a ba, suka koma kan tukwanensu.

Yaya ya ji labari ya zo gida da kansa. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce ya ji ana cewa ubansa zai jawo Fulani cikin gari, yana roƙon a ce masa ƙarya ne. Baba ya ce gaskiya ne.

"Baba, ni na ɗauko yaron nan daga gona," ya ce. "Ban same shi wuri guda ba."

"Jikana ne, ni na yi mishi huɗuba," in ji Baba. "Amma ba mai tallan nono ta kashe shi ba."

Yaya ya ce su ke kai musu labari, su ke saya musu mai da burodi, duk ɗaya suke. Baba ya tambaye shi ko Baffa ma, wanda ya sha goya shi a wuya ya tsallakar da shi gulbi. Yaya ya ce dai shi ba ruwansa, kuma ba zai iya riƙe yaransa ba in abu ya ɓaci. Ya tashi ya fita. Ina tsaye a bakin ƙofa, na rasa wanda zan ji wa tausayi a cikinsu. Ni ma na yi wa yaron nan wanka yana jariri.

Baffa a lokacin yana bayan garin Gummi. Maigidana ya kai mu. Na daɗe ban bi hanyar ba. Ƙauyukan da na sani da hayaƙin girki da yara a bakin titi sun zama kufai, ciyawa ta cinye gonaki, sai shingen masu tsaro jefi-jefi, a leƙa mota a dubi fuskar kowa. Mun sami Baffa a wata bukkar kara a filin da wani bawan Allah ya ara masa, yana kiwon awakin mutane. Ko saniya ɗaya ba shi da ita. 'Yan bindiga sun kore garken gaba ɗaya don ya hana su ɗansa da suka so ya shiga cikinsu, daga baya 'yan sa-kai suka tare ɗan a hanyar kasuwa suka kashe shi. Akwai wani jikansa da ya shiga daji bayan haka. Wannan a wajen maƙwabta muka ji, shi bai ambace shi ba.

Da Baffa ya ga Baba, ya miƙe da ƙyar, ya ce wa ya saki bawansa ba da izninsa ba. Baba ya ce ya zo ganin Bafulatanin da ya koma bin wutsiyar akuya. Suka yi dariya har suka yi tari, sannan suka riƙe hannun juna. Ni kuma ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina goye, ɓingel, wato 'yar ƙarama, ya ba ni haƙuri don ba shi da nonon da zai dama min fura.

Baba ya faɗa masa abin da ya kawo shi. Baffa ya saurare shi har ya gama. Ya ce ba Bafulatanin da zai biyo shi. Na kirki suna tsoron gari, in kuma na daji suka ji sun je, su ma ba za su ƙyale su ba. Baba ya ce ko shi kaɗai ne ya isa, a dai ga su biyu. Baffa ya ce, "In na shiga Anka kashe ni za a yi." Baba ya ce da can ma ai igiya ɗaya aka ɗaure su. Baffa ya yi murmushi, ya ce to bari ya mayar wa masu awaki awakinsu.

Maigidana ya ɗauko shi ana saura 'yan kwanaki ranar da aka sa ta tattakin, sanye da babbar rigar Baba da hula, ya zaunar da shi a tsakiyar fasinja. Ya zauna a gidanmu bai leƙa waje ba. A cikin kwanakin nan aka sake tare hanyar, direbobi suka ajiye motoci. Waɗanda suka yi mana alkawari daga Gummi da Bukkuyum suka riƙa bugo waya suna ba da haƙuri. Na roƙi Baba a ɗage. Ya ce in aka jira hanya ta yi lafiya kafin a fito, to me za a fito a ce.

Ranar da safe na ba Baffa rigar Baba ya sa. Baba ya ce a'a, ya sa tasa, ya ɗora malafarsa, don in ba a gane ko shi waye ba, zuwansa ba shi da amfani. Baffa bai yi musu ba. Su duka biyun suka bar sandunansu a zaure, ga su ba mai iya doguwar tafiya ba sanda, sai suka dafa juna.

Da muka isa bakin tasha na tsaya cak. Ban zaci haka ba. Mata ne cike da wurin, na kangon nan da wasu da ban taɓa gani ba, da goyo, da tsofaffi, wasu sun ɗauko tukwane ba komai ciki sun kifa a ka. Maza ma sun taru a gefe, har da 'yan kasuwar da suka ce ba za su zo ba. Baba ya dube ni. Matar Daretan ta zo ta gaishe shi, ta gaishe da Baffa, ta tsaya a bayansu. Aka fara tafiya a hankali, ana salati. Na ɗan lokaci na yarda. Na ce a raina ashe ni ce ban san mutanenmu ba.

Ba mu yi nisa ba na fara jin ƙus-ƙus daga gefen maza. Wani ya ce wancan mai malafar fa. Wani ya ce ɗan leƙen asiri ne, an turo shi ya ƙirga mu. Wata mata daga baya ta fasa kuka, ta ce irinsa ne suka shiga ɗakinta. Ban ga laifinta ba, kuma har yau ban gani ba. Baba ya juya ya ɗaga hannu yana son ya yi magana, amma muryar tsoho ba ta kai ko'ina. Dutse na farko ya sami malafar. Na biyu ya sami Baba a goshi. Matar Daretan ta ware zanenta na sama ta tare su, tana cewa a ji tsoron Allah, aka ture ta ta faɗi. Ni na rungume Baba, jini na zuba a hijabina, ina jin ana jan Baffa daga hannunsa, shi kuwa ya ƙi saki.

Sai na ji ƙarar babur ya kutso cikin mutane. Yaya ne, bindiga a kafaɗa. Ashe yana biye da mu daga nesa. Ya daka wa samarin tsawa, da yawansu yaransa ne, suka ja baya. Ya ɗaga Baffa kamar ɗan yaro ya ɗora a babur. Bai dubi Baba ba, bai dube ni ba. Ya ce da mutanen wannan nasa ne, shi zai ji da shi, ya ja babur ya fice. Daga baya na ji ya kai shi har bayan gari ya damƙa shi ga wani mai motar itace da zai bi ta wata hanya zuwa Gummi.

Na ja Baba zuwa rumfar wani mai shayi ina danne masa goshi. Daga nan muka ga sauran abin. Taron bai watse ba. Ya ci gaba da tafiya, ya ma ƙaru, sai dai salatin ya tsaya, wata magana ta maye gurbinsa, ana cewa a kori Fulani daga ƙasar gaba ɗaya. Ba su nufi ofishin hukuma ba. Suka karkata kasuwa, wajen rumfunan da masu nono ke zama a da, waɗanda dama ba kowa cikinsu tun tuni, suka cinna musu wuta. Masu tsaro suka zo suka watsa barkonon tsohuwa. Na ga mata na gudu da goyo, tukwane na gangarawa a titi. Baba yana kallo. Ya tambaye ni hayaƙin mene ne wancan, na faɗa masa.

Bayan kwana biyu aka kira Baba ofishin hukuma aka ja masa kunne, aka ce don tsufansa ne za a ƙyale shi. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi, mutanen da ke tsayawa su gaishe shi a ƙofar gida suka daina. Aka riƙa cewa gidanmu ne ake ɓoye masu kai labari daji. Wasu iyaye suka cire 'ya'yansu daga ajina. Fasinja suka guji motar maigidana na wani lokaci, har ya ce min, ba da faɗa ba, da mun bar tsoho da labarinsa da ya fi. Yaya ma bai tsira ba. An ce abokan aikinsa sun daɗe ba sa sakin jiki da shi. Ya aiko wa Baba da magani, amma bai zo ba.

Da hanya ta ɗan lafa maigidana ya je Gummi ya duba Baffa. Ya tarar da bukkar ba kowa. Mai filin ya ce ya iso lafiya, da rauni a kafaɗa, ya yi kwanaki ba ya fita, sannan wata safiya ya yi sallama ya ce zai bi wasu danginsa da suka yi yamma. Bai faɗi gari ba. Ba shi da waya. Mun tambayi direbobi, mun tambayi masu sayen fata da ke yawo kasuwanni, ba wanda ya gan shi.

Goshin Baba ya warke, amma ya daina fita ƙofar gida. Ya kuma daina ba da labarin zamanin haraji. In 'ya'yana suka roƙe shi sai ya ce ya manta. Wata rana da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida ya kira ni. Ya tambaye ni, ranar nan, matan da suka fito suna da yawa kamar yadda ya gani, ko idonsa ne. Na ce suna da yawa, sun fi yadda ya gani ma. Ya gyaɗa kai. Ya ce to ba fitowar ce ta gagare mu ba.

Ya rasu a farkon damina ta gaba, bayan 'yar gajeruwar jinya. Ya so a kai shi ƙauye kusa da Inna, amma ba mai iya zuwa can ko da rai, balle da gawa. A Anka aka binne shi. Mutane sun zo jana'iza ba laifi, har da wasu da na gane fuskokinsu daga ranar nan. Yaya ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Matar Daretan ta zo gaisuwa ranar uku, ta zauna a gefe ba ta ci komai ba, da za ta tafi ta ce an ce su tashi daga kangon, mai ginin zai ci gaba da aiki, ba su san inda za su nufa ba.

Har yanzu ina koyarwa. Ajin ya cika ya batse da yaran ƙauyukan da ke ta watsewa, wasu a ƙasa wasu a taga. Babu ɗan Fulani ko ɗaya a cikinsu. Da yawansu ba su taɓa magana da Bafulatani ba, sai dai sun gan shi da bindiga, ko sun gan shi kwance. A darasin zaman jama'a akwai wurin da littafi ya ce in koya musu cewa manomi da makiyayi suna taimakon juna. Ina karanta musu, su maimaita bayana, in rubuta a allo su kwafa.